Amsa Kan Babur Mai Ƙin Sauko Da Giya

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na saurari muryar ɗan'uwanmu na Rigasa, wanda ya ce Bajaj Boxer ɗinsa na hawa giya lafiya lau, amma da ya zo saukowa daga ta uku zuwa ta biyu sai ta cije, har wani ya ba shi shawarar ya zuba man giyar mota. Don Allah ƙanena, kada ka zuba.

Irin wannan babur ba shi da wurin man giya daban. Baƙin man da kake juye da shi, shi ne yake hidimar injin, shi ne yake ratsa haƙoran giya, kuma a cikinsa filetin kulochi suke jiƙe. Saboda haka man giyar mota mai lamba 80W-90 ba nasa ba ne, haka ma yawancin baƙin man mota na zamani, domin ana sa musu sinadarin ƙara santsi da ke sa kulochi ya riƙa zamewa. Ka nemi na babur, 20W-50, ka juya bayan robar ka tabbatar an rubuta JASO MA ko MA2, wato alamar man da ya dace da kulochin da ke jiƙe a cikin mai. Wanda aka rubuta MB ka bar shi, na baburan da ba a canza musu giya da ƙafa ne. Kuma ka sayi wanda ba a ɓalle murfinsa ba, domin man da ake aunawa a kwalba a bakin titi ya kashe injuna da yawa, abin yana ci mini rai.

Kafin ka kashe ko sisi, duba wayar kulochi. Idan ta saki, komai matsawarka kulochin ba zai rabu gaba ɗaya ba, giya kuwa ba ta sauka da nauyi a kanta. Wasan hannun kulochin kada ya wuce milimita 2 zuwa 3 a gindinsa. Ka duba sarƙa ma, ƙurar hunturu tana busar da ita.

Sannan ka riƙa sauko da giya tun babur yana tafiya, kana ɗan murɗa totur, ba sai ka tsaya cak a cunkoson Kawo ka hau tattaka ta ba. Idan ta cije a tsaye, gangara shi gaba kaɗan, za ta faɗa.

In ka yi duk wannan matsalar ba ta tafi ba, ko ka ga ɓarɓashin ƙarfe a tsohon man, to sai bakanike ya buɗe gefen kulochi ya duba fileti da sifirin ɗin sandar giya, ka tsaya a kansa ya nuna maka abin da ya lalace kafin ka tafi Panteka sayen kaya.