Amsa: Me ake nufi da "byzantine"?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga "byzantine rules" a jarida, ka rasa ma'anarta. Ana nufin abu mai sarƙaƙiya, wanda ya murɗe har ba ka gane kansa balle gindinsa. Kalmar ta fito ne daga Byzantium, tsohon sunan Istanbul, hedikwatar Daular Rumawa ta Gabas har Turkawa suka ci ta a 1453. Fadar daular ta yi ƙaurin suna wajen yawan muƙamai da ƙulle-ƙulle.

Kalmar ta fi zama daidai a kan dokoki da tsarin ofis: takarda ɗaya, sa hannu bakwai, kowane tebur ya tura ka na gaba. Idan kuwa bayani ne ya murɗe, ni "convoluted" nake zaɓa.