Mai sayarwa ya ce babu wadda nake so: yaya zan samu na'urar CPAP da ta dace da ni a Accra?

Tambaya

Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne a Nima, shekarata 54. Iyalina ta daɗe tana kuka da minsharina, tana cewa numfashina yakan ɗauke cikin dare, sai in zabura kamar an shaƙe ni. Ga hawan jini, ga gyangyaɗi da rana, wani lokaci har a kan sitiyari. An yi mini gwajin barci a wani asibitin kuɗi, aka ce AHI ɗina 41, likita ya rubuta mini CPAP, na'urar da ke taimaka wa numfashi lokacin barci. Ɗana da ke Amurka ya ce in nemi ResMed AirSense 10 AutoSet. Da na je kamfanin da asibitin ya tura ni, sai suka ce ba su da ita, suka fito mini da wata, wai duk ɗaya ne. Akwai kuma wani a intanet mai Philips DreamStation ta hannu a kusan rabin kuɗi. Ina da ikon dagewa kan wadda nake so, ko in karɓi abin da aka ba ni?

Amsa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara lafiya, ya kuma saka wa Hajiya da alheri, domin wannan ciwon mai ɗaki ce ke fara gano shi tun kafin likita.

Kana da ikon dagewa, kuɗinka ne. A Amurka kamfanin inshora ne yawanci ke biya, shi ya sa mai sayarwa ke samun damar juya majiyyaci. A nan Ghana jerin abubuwan da NHIS, inshorar lafiya ta gwamnati, ba ta ɗauka ya haɗa da kayan amfani irin su tabarau, na'urar ƙara ji da haƙoran roba, kuma masu CPAP da nake gani daga aljihunsu suke saye. Asibiti nuna maka kamfani kawai ya yi, bai ɗaura maka aure da shi ba. Takardar likita da sakamakon gwajin barcin naka ne. Ka karɓi kwafinsu, ka kai duk inda ka ga dama, a Accra ko a Kumasi.

Amma ina so ka san abin da za ka dage a kansa, domin sunan kamfani ba shi ne babban abu ba. AHI 41 na nufin a kowace awa ta barci numfashinka yana tsayawa ko yana raguwa ƙwarai sau 41, kowanne aƙalla daƙiƙa 10. Daga 5 zuwa 15 ciwon mai sauƙi ne, daga 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya kai 30 ya yi sama mai tsanani. A barcin awa shida, kusan sau 250 ke nan naman maƙogwaronka yana saki ya toshe hanyar iska, iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta tashe ka ba ka sani ba, zuciya ta buga da ƙarfi. Nan ne hawan jinin ke samun mataimaki. Aikin CPAP, tun da Colin Sullivan ya fito da ita a birnin Sidni na Ostareliya a 1981, ɗaya ne: ta hura iska ta tiyo da takunkumi, iskar ta riƙe maƙogwaro a buɗe. Ta wannan fuskar mai sayarwa bai yi ƙarya ba, kowace na'ura iska take hurawa. Inda maganarsa ta gaza shi ne yawan ƙarfin iskar, da kuma wanda zai tantance shi.

Ana auna ƙarfin da santimita na ruwa, kuma na'urorin suna aiki tsakanin 4 da 20. Akwai mai tsayayyen ƙarfi: in an saita ta a 10, a 10 za ta kwana. Akwai mai sarrafa kanta, wadda ake kira APAP ko "auto": ana ba ta iyaka ƙasa da sama, tana sauraren numfashinka, ta ƙara idan maƙogwaro ya fara rufewa, ta rage idan ya buɗe. Idan an san ƙarfin da ya dace da mutum, dukansu biyu suna magani, kuma ina da majiyyata da suka fi jin daɗin tsayayyar. Matsalar ita ce sanin ƙarfin. A ƙa'ida mutum yakan sake kwana a ɗakin gwaji da na'ura a fuska, ana ƙara iska kaɗan-kaɗan har a gano lambarsa, kuma ba kowa ke iya biyan wannan dare na biyu ba. Don haka duba takardarka yanzu. Idan "CPAP" kawai aka rubuta babu lamba, to duk wanda ya sayar maka da mai tsayayyen ƙarfi kintace zai yi. In ya yi ƙasa, ka kashe kuɗi numfashi na ci gaba da ɗaukewa. In ya yi sama, iska ta cika maka ciki, takunkumi ya yi ta yoyo, bayan mako biyu ka tura na'urar ƙarƙashin gado. A irin halinka ina goyon bayan ɗanka: mai sarrafa kanta ta fi. Ita tana iya komawa tsayayya in likita ya so, tsayayyar kuwa ba ta iya zama mai sarrafa kanta.

Sai dai wannan hukunci na likitanka ne, ba na ɗanka ba, ba kuma na mai shago ba. Mai ciwon gazawar zuciya, ko ciwon huhu mai tsanani, ko ƙiba mai hana numfashi sosai, ko wanda ɗaukewar numfashinsa daga ƙwaƙwalwa take ba daga toshewar maƙogwaro ba, APAP ba lallai ta dace da shi ba. Wasu sai mai ƙarfi biyu, ɗaya na shaƙa ɗaya na fitarwa. Ka koma wurin likitan ka roƙe shi ya rubuta dalla-dalla: APAP, iyakar ƙarfi daga kaza zuwa kaza, mai ajiye cikakken bayani a katin SD (ƙaramin katin ajiyar bayanai da ake sa wa na'ura), da irin takunkumin da ya ga ya dace. In ya yarda da AirSense 10 AutoSet, ya rubuta sunanta. Da wannan takardar a hannunka, "duk ɗaya ne" ta ƙare.

Batun katin nan ina so ka riƙe shi da kyau. Na'ura mai kyau tana rubuta abin da ya faru kowane dare: awa nawa ka sa ta, AHI nawa ya rage, iska nawa ta tsere ta gefen takunkumi, ƙarfi nawa ta kai. Akwai masu araha da awanni kawai suke ƙirgawa. Da irin waɗannan, in ka dawo ka ce mini har yanzu kana gyangyaɗi, ba ni da abin dubawa. Kuma a nan ne ake yi wa mutane wayo, domin AirSense 10 kanta ba iri ɗaya ba ce. Akwai CPAP zalla, akwai Elite, akwai AutoSet, kamanninsu ɗaya, launinsu ɗaya. Ta farko tsayayya ce mai ƙarancin bayani, Elite tsayayya ce mai cikakken bayani, AutoSet ce kaɗai mai sarrafa kanta a cikin ukun. Sunan yana rubuce a gaban na'urar. Kada ka tsaya ga kwali, ka sa a buɗe, a jona ta da wuta, a nuna maka a fuskarta cewa tana da tsarin AutoSet.

To, in da gaske ba su da ita fa? Ka ce su rubuta maka farashinta da ranar da za ta iso, ka ɗauki takardar ka tambayi wasu kamfanoni biyu ko uku. Sau da yawa abin da babu yakan samu idan mai shago ya ga za ka fita da kuɗinka. In ka ba da kafin alƙalami, a rubuta cikakken sunan na'urar a rasit, da sharaɗin mayar maka da kuɗinka in wata daban ta zo. Ka kuma saurari abin da suke da shi da zuciya ɗaya. Löwenstein ta Jamus, Fisher & Paykel ta New Zealand, da BMC da Yuwell na Chana duk suna ƙera masu sarrafa kansu. A ganina, wadda ke da wakili a Accra, mai filta da tankin ruwa da caja a shago, mai gyara in ta lalace, mai manhajar karanta katinta, ta fi maka shahararriyar da in ta tsaya sai an aika Turai. Ka tambaye su ko na'urar tana da rajista da FDA ta Ghana, hukumar da dokar lafiyar jama'a ta 2012, Act 851, ta ɗora wa kula da kayan asibiti. Ka tambayi garanti: shekara nawa, wa zai cika shi, kuma za su ba ka aron wata yayin gyara?

Ita kuwa Philips ta hannun nan, ka bar ta. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urori, ciki har da DreamStation ta farko da System One, waɗanda aka ƙera kafin 26 ga Afrilun 2021. Soson da aka sa a ciki don rage ƙara yana iya rududdugewa, mutum ya shaƙi ɓurɓushinsa, kuma zafi da danshi suna hanzarta lalacewar. Kai da ke Nima ba sai an faɗa maka zafin Accra da danshinta ba. Kamfanin ya gyara wasu ya canja wasu, amma mai talla a intanet da wuya ya iya nuna maka shaidar cewa tasa tana cikin waɗanda aka gyara. Wannan iskar cikin huhunka za ta shiga awa shida ko bakwai kowane dare.

Ba kowace ta hannu ce abar gudu ba, na san halin da aljihu ke ciki. In dole ce, ka duba awannin da injin ya yi. Mai sa ta awa bakwai kullum yana cin kusan awa 2,500 a shekara, kuma galibin na'urorin nan shekara biyar aka tsara su yi. Ka nemi a nuna maka lissafin injin kansa, domin na majiyyaci ana iya goge shi. Ka shinshina iskar, in da warin taba ko na rima, ka ajiye. Takunkumi da tiyo da tankin ruwa kuwa sababbi za ka saya. Ko sabuwa aka ce maka, ka duba awannin, ka kuma gwada lambar jikinta da ta kwali da ta rasit.

Akwai kuma hanyar ɗanka. A Amurka ba a sayar da CPAP sai da takardar likita, don haka sai ka tura masa kwafi. Cajar AirSense tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, tamu kuwa 230 ce, bakin fulogi kawai za a canja. Abin da za ka rasa shi ne garanti a kusa, kuma kada ka dogara da cewa za ta riƙa aika bayani ta iska daga Ghana. Ya tabbatar ta zo da katin SD, ya haɗo filtoci da yawa da robar takunkumi ta canji. Ka kuma shirya tun da wuri wanda zai saita maka ita a nan.

Yanzu takunkumi, wanda mutane ke mantawa suna ta jayayya kan inji. Yawancin waɗanda suka daina amfani da CPAP a cikin majiyyatana, takunkumi ne ya kore su. Bakin tiyo mizani ɗaya ne, milimita 22, saboda haka takunkumin wani kamfani yana shiga na'urar wani, in ban da ƙananan na tafiya irin AirMini. Kada a ce maka dole sai nasu. In kana da gemu, babban mai rufe hanci da baki yakan yi yoyo, ƙaramin da ke zama a ƙofar hanci ya fi kamawa, sai dai in da baki kake numfashi. Ka gwada shi a shagon kana kwance, na'ura a kunne, ba a tsaye gaban madubi ba. Ka tambaya ko za su canja maka in bai zauna ba cikin makonnin farko.

Wuta ma a sa ta cikin lissafi. Ka saya mata abin kare ta daga tashin wuta, domin dawowar wuta bayan dumsor na ƙona caja. In kana da batir ko inbata, ka kashe ɗumama ruwan tankin, wanda ke sa wa iskar danshi, idan an ɗauke wuta, shi ne ke shan caji. A danshin Accra da yawa ba sa ma buƙatarsa sosai sai hunturu ya shigo, lokacin da hanci ke bushewa, ƙura kuma ta toshe filta da wuri. Ruwan da aka tace ta hanyar tururi, na kantin magani, shi ya fi wa tankin, don ba ya barin farin gishiri.

Abu ɗaya da ba zan yarda da shi ba shi ne ka zauna wata uku ba magani kana jiran wata na'ura ta iso. Da AHI 41 da gyangyaɗi a kan sitiyari, ka tambaya ko suna ba da haya ko aron mai sarrafa kanta kafin taka ta zo. Bayanin da za ta tara ma zai nuna wa likita ƙarfin da kake buƙata. Kafin nan ka bar tuƙin doguwar hanya, ka nemi wani ya ja ka, kuma kada ka daina maganin hawan jini don ka fara CPAP.

Idan ta zo, ka sa ta duk lokacin da za ka yi barci, har da na rana. In ka tashi sallar asuba ka koma kwanciya, ka mayar da takunkumin, domin barcin mafarki ya fi yawa a ƙarshen dare, kuma a cikinsa maƙogwaro ya fi saki. Bayan wata ɗaya ka kai wa likitanka katin. Abin da zai nema shi ne AHI ya sauko ƙasa da 5, yoyo ya yi kaɗan, kana kuma sa ta dare cikakke. In ɗayansu bai yi ba, saiti ko takunkumi za a gyara tukuna kafin a yi maganar canja na'ura.