Barry Sanders, ba ja

Ɗan'uwa, ka tambaya wane mai rugawa da ƙwallo ne ya fi kowa a ƙwallon Amurka na jami'o'i. Ni dai Barry Sanders zan ce.

Shekara biyu ya yi a Jami'ar Oklahoma State a matsayin ɗan canjin Thurman Thomas, wani mai rugawa da ƙwallo, ba a cika miƙa masa ƙwallo ba. Da Thomas ya tafi, a 1988, sai Sanders ya ci yadi 2,628 da gudu cikin wasa 11 kacal, ya ɗauki kyautar Heisman, wadda ake ba gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara. Ga shi gajere fa!

Nemi bidiyonsa ka gani. Zai tsaya cak, mai tare shi ya wuce ya rungumi iska, shi kuwa ya sulale ta gefe. Wallahi har yau tsigar jikina tashi take.