Amsoshin Tambayoyinku: Agogon Ƙararrawa Mai Nuna Zafin Ɗaki

Tambaya: Kowace Litinin nakan bi jirgin ƙasa na safe daga Rigasa zuwa Abuja. Sau biyu ke nan ina makara saboda cajin waya ya ƙare cikin dare. Na ga agogo mai jajayen lambobi, har zafin ɗaki yake nunawa. In saya? Daga Malam I., Kawo.

Malam, fara tambayar mai shago da me yake aiki. Masu lambobin nan masu haske yawancinsu sai an jona su da wuta, kuma ka san halin wutarmu. Wasu suna da ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, amma a da yawansu lokaci kawai yake riƙewa, ƙararrawa ba ta bugawa. Nemi mai cin batir AA ko AAA, ka saita shi a tsarin awa 24, kada biyar na asuba ta koma biyar na yamma.

Tambaya: Agogona yana nuna zafi 95, lalatacce ne? Daga wani ɗalibi, Malali.

Ƙanina, da ka karanta takardar da ke cikin kwalin da ba ka rubuto ba. Ma'aunin Amurkawa ne, Fahrenheit. 95 ɗinsu shi ne 35 namu, zafin Afrilu a Kaduna. Danna maɓallin C/F.

Tambaya: A Kasuwar Gumi an ce mini akwai mai saita kansa ta rediyo, amma kuɗinsa ya ninka. Daga Alhaji M., Tudun Wada.

Alhaji, mayar da kuɗinka aljihu. Irin waɗanda aka yi wa Turai siginar wata tasha ce ta kusa da Frankfurt a Jamus suke kamawa, iyakarta kamar kilomita 2,000, mu kuwa mun wuce 4,000. A nan da hannu za ka saita shi kamar kowane agogo.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke biyan kuɗin rubutun jikin kwali. Magidanci zai yi cinikin mudun shinkafa har muryarsa ta dushe, amma ya ɗauki agogo ko buɗewa bai yi ba. Ni kaina na taɓa sayen wanda ya kafe a kan 25, da hunturu da bazara. Gwajin kuwa ba ya cin minti biyar. A sa batir a gabanka. A jera uku ko huɗu a kan kanta ɗaya, in wannan ya ce 27 wancan ya ce 33, bar shagon. Rufe agogon cikin tafin hannunka, mai kyau zai fara hawa a hankali. Ka sa ƙararrawar ta buga a nan cikin hayaniyar kasuwa, domin wadda ba ka ji a farke ba, ba za ta tashe ka sahur ba. Sai kuma jabun batir, mai sunan babban kamfani amma ba nauyi a hannu. Shi ne ke tsiyaya ya cinye ƙarfen ciki, a ɗora wa agogo laifi.

Tambaya: Jaririna wata biyu, ina tsoron sanyin nan. Agogon zai nuna mini in yana da zazzaɓi? Daga wata uwa, Unguwar Rimi.

'Yar'uwa, Allah Ya raya mana shi, kuma kin kyauta da kika tambaya. Agogon iskar ɗaki kawai yake aunawa. Ki sayi ma'aunin zafin jiki a kemis, in ya kai 38 a jariri kamar naki, ki tafi asibiti a lokacin, ko da dare ne. Agogon ki ajiye shi kusa da shimfiɗarsa, nesa da taga. Kuma don Allah, komai ƙasan da lambar ta yi, kada ki kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kisa cikin barci. Ki sa masa hula da safa da rigar sanyi, ki riƙa taɓa bayan wuyansa, in da gumi ki rage.