Likita na amsa tambayoyinku kan sabbin magungunan ƙiba da ciwon sukari

Tambaya: Likita, ina fama da ciwon sukari da ƙiba. Na ji ana maganar wata allura ta sau ɗaya a mako. Da gaske tana aiki?

Amsa: Tana aiki, Hajiya. Idan mutum ya ci abinci, hanjinsa na sakin wani sinadari mai suna GLP-1. Shi ke zaburar da jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke rage sukarin jini, ya rage saurin wucewar abinci daga tumbi, ya kuma sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Sai dai cikin 'yan mintuna jiki ke lalata shi. Masana sun gano makamancinsa mai jimawa a yawun wani ƙadangare mai dafi da ke Amurka, daga nan aka haɗa maganin exenatide, wanda Amurka ta amince da shi a 2005. Semaglutide, wato allurar da kike tambaya, ya biyo baya da sunaye biyu: Ozempic a 2017 don masu sukari, Wegovy a 2021 don ƙiba. A gwajin makonni 68, waɗanda aka yi wa allurar sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu.

Ni dai abin da ya fi faranta mini rai shi ne sakamakon wani gwaji na 2023. A cikin mutum sama da 17,000 masu ƙiba da ciwon zuciya, maganin ya rage haɗarin bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu da kashi 20 cikin 100.

Tambaya: In na sauko nauyin da nake so, zan iya dainawa?

Amsa: Malam, nan ne gizo ke saƙar. Waɗanda suka daina a wancan gwajin na makonni 68, shekara guda kawai kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage ya dawo. Yunwar ce ke komawa yadda take, don haka kada ka zargi kanka da rashin ƙoƙari. Ka ɗauki allurar kamar maganin hawan jini, tafiya ce mai nisa tare da likitanka.

Tambaya: An ce ina da kitse a hanta. Akwai magani?

Amsa: A Maris 2024 Amurka ta amince da resmetirom, magani na farko ga wanda kitsen ya kumbura masa hanta har ta fara tabo. In abin bai kai nan ba, rage nauyi ne kan gaba.

Tambaya: Ƙanwata lafiyarta ƙalau, amma tana son sayen allurar ta intanet don ta ɗan rame.

Amsa: Don Allah ki hana ta. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun semaglutide. Ko na gaskiyar yana kawo tashin zuciya, amai da gudawa, wani lokaci har tsakuwa a matsarmama, shi ya sa muke farawa da ɗan kaɗan muna ƙarawa sannu a hankali. Mai juna biyu ba ta amfani da shi, mai neman ciki kuma sai ta daina da wata biyu kafin nan. In nauyin na damun ta, ta je a auna sukarinta da hawan jininta tukuna.