Amsoshin tambayoyinku: tara awannin tashi kafin shiga kamfanin jirgi

Tambaya: Na gama lasisin tuƙin kasuwanci a Florida ta Amurka da awa 250. In zama malamin tuƙi, ko in riƙa hayar jirgi har in cika awa 1,500 da ake nema kafin shiga kamfanin jirgi? (Wani matashi, Kano)

Amsa: Ɗauko alƙalami. Saura awa 1,250. A ce ka samu hayar ƙaramin jirgi Cessna 172 a dala 150 kowace awa, kuɗin ya kama dala 187,500. Mayar da shi naira ka gani ko gidanku zai ɗauka. Malami kuwa shi ake biya, kuma duk awar da ya yi da ɗalibi a sama tana shiga littafinsa na awannin tashi. Ka yi CFI, wato shaidar malamin tuƙi, ka ɗora CFII na koyar da tuƙi da na'urori. Amma kada ka ƙare a kewaya fili da sababbin ɗalibai, tashi da sauka safe da yamma. Cikin 1,500 ɗin, hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, tana neman awa 500 ta dogon zango, 100 ta dare, 75 ta na'urori, da 50 a jirgi mai inji biyu. A dogon zangon nan mutane suke maƙalewa bayan jimla ta cika. Doka kuma ba ta yarda ka koyar a sama fiye da awa 8 cikin awa 24 ba. Kafin duk wannan duba bizarka: F-1 tana ba da shekara guda ta aiki bayan karatu, M-1 ba ta wuce wata shida.

Tambaya: Ɗana zai shiga kwalejin jiragen sama ta Zariya, an ce mini ba aiki sai da awa 1,500. Na kasa barci. (Wata uwa, Gusau)

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Wannan sharaɗin na mataimakin matuƙi dokar Amurka ce, ta fara aiki a 2013 bayan haɗarin jirgin Colgan Air kusa da Buffalo a 2009. A Najeriya mai son kujerar kyaftin ne ke buƙatar 1,500. Mataimaki yana iya farawa da lasisin kasuwanci, shaidar na'urori da ta inji biyu, sai horon samfurin jirgin da zai tuƙa, wanda shi ma kuɗi ne mai kauri, ki fara tanadi. Kada dai ki biya ko sisi sai likitan da hukumar jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta amince da shi ya gwada shi, musamman ganin launuka.

Tambaya: Wani ya ce zai cike mini awa 300 a littafi, da hatimi, a kan kuɗi kaɗan. Ya kuka gani? (Ba suna)

Amsa: Har tambaya kake yi? Kowane layi a littafin nan yana ɗauke da ranar tashi, lambar rajistar jirgi, filin da aka tashi da wanda aka sauka. Jirgin ma yana da nasa littafin, injinsa yana da mita mai ƙirga awa, makaranta tana ajiye takardun haya. Mai tantancewa ya ɗauki layi uku ya buga waya, sai a tarar ranar da ka rubuta kana sama jirgin yana garejin gyara an sauke masa inji. Daga nan ba aikin kaɗai ka rasa ba, hukuma na iya soke duk lasisin da mahaifinka ya sayar da gona ya biya. Masu wannan sana'a da masu sayar da jabun magani a kasuwa jirgi ɗaya ya kwaso su, kai kuma za ka ɗebi rayuka sama da ɗari a bayanka. Ko ka tsallake takarda, akwai na'urar kwaikwayon tuƙi ranar gwaji. Za su kashe maka inji ɗaya daidai lokacin tashi, su zuba wa ƙafafunka ido, don da su ake daidaita jirgin kada ya karkace.