Wane bugu na faifan jaz ya cancanci kuɗinka?

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka inda ka ce ka fara sha'awar kiɗan jaz kuma kana so ka soma tara shi a faifan CD, amma abin da ya ɗaure maka kai shi ne yadda kakan ga kundi ɗaya da bugu uku ko huɗu, kowanne da farashinsa, wani an rubuta masa "remastered" a goshi, wato an sake tace sautinsa, wani kuma an cusa kundi takwas cikin kwali ɗaya a kan kuɗin da bai kai na faifai guda ba. Ka tambaya wanne za ka saya, da kuma ko sabon bugu kullum ya fi tsoho. Na shafe fiye da shekara ashirin ina wannan harka, yawanci daga hannun 'yan gwanjo da kuma saƙon da nake bai wa matafiya, kuma na yi asarar kuɗi a wurare da dama da ba na so kai ma ka yi.

Amsata a taƙaice ita ce, kalmar da aka buga a gaban kwali ba ta gaya maka komai. Juya faifan ka karanta ƙananan rubutun da ke baya: wace shekara aka yi wannan bugun, wane injiniya ya sake tace sautin, daga wane tef aka kwaso shi, kuma wane kamfani ne ya fitar. Akwai sabon bugun da ya gyara wani kuskure na gaske ko ya dawo da abin da aka yanke, akwai kuma wanda riga kawai aka sauya masa. Na farkon ya cancanci ka sake cire kuɗi, na biyun kuwa ka bar wa masu shi.

Bari in fara da wanda ya fi koya mini darasi, wato Kind of Blue na Miles Davis, wanda kamfanin Columbia ya fitar a 1959. An ɗauke shi a zama biyu a birnin New York, ɗaya a watan Maris, ɗaya a Afrilu. A zaman farko, na'urar da aka yi amfani da tef ɗinta tana ɗan jan ƙafa wajen juyawa, don haka da aka zo saurare a kan na'ura mai lafiya sai kiɗa uku na farko suka ɗan ƙara sauri, muryarsu ta ɗaga sama kaɗan da yadda aka busa su. Haka duniya ta yi ta jin su fiye da shekara talatin, har da bugun CD na farko, sai a 1992 aka koma ga tef na ajiya aka daidaita, bugun 1997 kuma ya zo da gyaran tare da ƙarin wata ɗauka ta "Flamenco Sketches". Ni kaina ban taɓa lura ba. Wani abokina da ke kaɗa piyano ne ya zo gidana wata rana da daddare, na sa masa tsohon bugun, ya zauna yana ƙoƙarin bin Bill Evans, mai kaɗa piyano a kundin, a kan ƙaramin piyanonsa na lantarki, yana danna maɓalli yana yamutsa fuska, har ya ce mini ko dai kunnensa ya lalace ko faifaina na da aljanu. Da na samu bugun 1997 muka sake gwadawa, hannunsa ya faɗa daidai. To, ga sabon bugu mai dalili. Amma bayan wannan an sake fitar da kundin sau da yawa, kuma na sayi ɗaya daga ciki da tsada saboda kyan kwalinsa, na dawo gida na saurara, ban ji abin da ya ƙaru ba sai nauyin kwalin.

Misali na biyu ya fi wannan ban mamaki. Faifan Duke Ellington na bikin Newport na 1956 ya shahara saboda doguwar busar da Paul Gonsalves ya yi da saksofon, zagaye 27 ba tsayawa, har jama'a suka tashi tsaye suna rawa. Abin da masu saye ba su sani ba shekara da shekaru shi ne, kaso mai yawa na faifan asali a situdiyo aka sake kaɗa shi bayan bikin, aka ɗora masa tafin aro. A daren bikin Gonsalves ya tsaya ne gaban makirufon Muryar Amurka maimakon na Columbia, shi ya sa busarsa ke jin nisa a tsohon bugu. Da aka gano tef ɗin Muryar Amurka, sai aka haɗa shi da na Columbia, ɗaya a kunnen hagu ɗaya a na dama, aka fitar da cikakken wasan a faifai biyu a 1999. Idan ka ga wannan bugun, kada ka tsaya ciniki mai tsawo. Haka ma Mingus Ah Um na Charles Mingus, wanda aka datse wasu kiɗansa a 1959 don su shiga faifan garmaho, tunda kowane gefe bai wuce ɗaukar minti ashirin da 'yan kai ba, bugun CD na 1998 ya zo da su cikakku.

Inda masu tara faifai suka fi yin gardama shi ne kan Blue Note, kamfanin da Alfred Lion, wanda ya yi ƙaura daga Jamus, ya kafa a 1939. Mafi yawan fitattun faifansa Rudy Van Gelder ne ya ɗauke su, mutumin da sana'arsa ta farko ita ce auna ido da yanka tabarau, yana ɗaukar makaɗa a falon gidan iyayensa a Hackensack kafin ya gina situdiyonsa a Englewood Cliffs a 1959. A ƙarshen shekarun 1980 Ron McMaster ne ya kwashe yawancin kundayen zuwa CD, sannan daga 1999 aka fara jerin da ake kira RVG Edition, inda Van Gelder da kansa ya sake tace abin da ya ɗauka. Za ka zaci magana ta ƙare tunda mai abu ya karɓi abinsa, amma ba haka ba ne. A kunnena bugun RVG ya fi ƙara, ƙahonni sun fi matsowa gaba, kuma a wasu kundayen an matse faɗin sitiriyo, yayin da na McMaster ya fi sanyi da sakewa, ko da yake wasu na cewa ya yi laushi da yawa. Ina da Moanin' na Art Blakey a duka biyun. Idan ina cikin mota ko ana hayaniyar janareta a unguwa, na RVG nake sawa domin yana ratsa ƙara; idan dare ya yi shiru, tsohon nake ɗauka. Shawarata gare ka, wanda ka fara samu da sauƙin kuɗi a cikinsu ka saya, ka ajiye ragowar kuɗin don kundin da ba ka taɓa ji ba. Wannan gardama ta waɗanda kantarsu ta riga ta cika ce.

Jerin da na fi amincewa da shi ga mai farawa shi ne Original Jazz Classics, wanda aka fi sani da OJC, na kamfanin Fantasy, da ya tattara kundayen kamfanonin Prestige da Riverside da Contemporary. Ba su da ado, hoton asali ne da bayanin asali da lamba a gefe, sautinsu kuma ba a yi masa kwalliya ba. A nan za ka samu Saxophone Colossus na Sonny Rollins na 1956, da Sunday at the Village Vanguard da Waltz for Debby na Bill Evans, waɗanda aka ɗauka rana ɗaya, 25 ga Yuni 1961, kwana goma sha ɗaya kafin mai kaɗa bas ɗinsa, Scott LaFaro, ya rasu a hatsarin mota. An buga su da yawa, don haka suna yawo a gwanjo kuma ba su da tsada. Abu ɗaya da ke ba ni haushi a irin bugun wancan zamani shi ne yadda ake ɗora ɗaukar da aka ajiye nan take bayan ta asali, sai ka ji kiɗa ɗaya sau biyu a jere, tsarin da makaɗin ya yi wa kundinsa ya wargaje. Ni dai tsallakewa nake yi, sai ranar da na ga dama in koma in ji bambancin.

Yanzu ga batun kwalin nan mai kundi takwas. Dalilin araharsa doka ce. A ƙasashen Tarayyar Turai, haƙƙin mallakar sautin da aka ɗauka yana ƙarewa ne bayan shekara 50, sai a 2013 aka mayar da shi 70, kuma ƙarin bai shafi abin da ya riga ya fita daga kariya ba. Saboda haka duk abin da aka fitar kafin 1963, kowane ƙaramin kamfani a can yana iya bugawa ba tare da ya nemi izini ba. Halal ne a dokarsu, amma tef na asali yana hannun masu shi, don haka waɗannan kamfanoni sukan kwafa ne daga CD na wasu ko daga faifan garmaho. Na taɓa sayen irin wannan akwati, ina murna na yi tsintuwa, da na sa faifai na uku sai na ji ƙaran allura tana bin layi, a wani wurin ma har da ɗan tsalle, babu kuma takardar da ta faɗi waɗanda suka yi kiɗan ko ranar da aka ɗauka. Araha ba ta ado. Duk da haka ba zan ce ka guje su gaba ɗaya ba, domin hanya ce mai sauƙi ta sanin makaɗi kafin ka kashe masa kuɗi sosai. Kuma a kiɗan da aka ɗauka kafin zamanin tef, irin na Louis Armstrong da ƙungiyoyin kiɗansa, Hot Five da Hot Seven, tsakanin 1925 da 1928, ƙwarewar mai kwasowa daga tsofaffin faifai ita ce komai. Akwatin kiɗan Armstrong na kamfanin JSP da John R. T. Davies ya tace ya bar ɗan shuu na tsohon faifai, amma ƙahon Armstrong na nan da ransa, alhali wasu bugun sun goge shuu ɗin da na'ura har suka goge hasken ƙahon tare da shi.

Akwatunan Mosaic, kamfanin da Michael Cuscuna da Charlie Lourie suka kafa a farkon shekarun 1980, su ne ƙololuwa wajen cika da bayani, amma adadi ƙayyadadde ake bugawa kuma suna da tsada, don haka ka jinkirta su har sai ka san makaɗin da kake so ka ji duk abin da ya ɗauka. Abin da zan ce ka nema da wuri shi ne wasan Thelonious Monk da John Coltrane na Carnegie Hall na Nuwamban 1957, wanda tef ɗinsa ya kwanta a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka har 2005 kafin a gano shi, Blue Note ta fitar a shekarar. Ka haɗa da A Love Supreme na Coltrane, wanda aka ɗauka a Disamban 1964. Ka kuma nemi Eastern Sounds na Yusef Lateef na 1961, domin mutumin ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma yana da kundi mai suna In Nigeria. Wannan na biyun ya fi wuyar samu, ni ma sai da na yi shekaru ina cigiya.

Idan kana saye a gwanjo, ka ɗaga faifan ka duba cikinsa a haske. Na kamfani fari ne kamar azurfa, da lambobi a zagayen tsakiya. Idan ka ga kore ko shuɗi, kwafi ne da aka ƙona a kwamfuta, komai kyan takardarsa. Ƙarcen da ya tashi daga tsakiya zuwa baki ba ya cika hana shi juyawa, amma wanda ya bi zagaye yakan sa shi tsalle, shi ya sa ake goge faifai daga tsakiya zuwa waje da ƙyalle mai laushi. Ƙarce a gefen rubutu ya fi haɗari, don nan ne sautin yake kusa da fata. Lambar da ke gefen kwali kuwa, ka saka ta a Discogs, shafin intanet mai tattara bayanan faifai, zai nuna maka shekarar bugun da ƙasar da aka yi shi tun kana tsaye gaban mai kaya. Ka ajiye su a tsaye cikin kabad mai murfi saboda ƙurar hunturu, kuma kada ka bar su a mota lokacin bazara. Akwai faifan Rollins da na manta a gaban mota wuni guda a watan Afrilu, na dawo na tarar kwalin ya lanƙwashe, faifan kuma tun daga ranar ba ya wuce kiɗa na biyu.

Idan ka rubuto lambobin bugun Kind of Blue guda uku da ka ce ka gani, in Allah ya yarda zan duba in gaya maka wanne ne aka yi kafin gyaran 1992.